Ƙiftawar Fitilun LED a Silin Motar Tafi-da-Gidanka: Nasiha ga Masu Koyon Gyaran Wuta

Motar tafi-da-gidanka, wadda ke ɗauke da gado da madafa da makewayi a cikinta, wayarin iri biyu gare ta. Na farko na wutar gida ne, wato AC, wadda motar ke samu idan an jona ta da sandar wuta a sansanin masu hutu ko an tayar da janareta. Ƙarfinta bolt 120 ne a Amurka da Kanada, 230 a Turai. Na biyu na wutar batir ne, wato DC, mai bolt 12. Fitilun da ke manne a silin kusan dukkansu a kan wannan na biyun suke, tare da famfon ruwa, da fankar na'urar ɗumama ɗaki, da allon da ke sarrafa firji, da na'urar da ke sanar da yoyon gas. Matashin da ya shiga koyon gyaran irin waɗannan motoci, ko a yankin Elkhart na jihar Indiyana inda ake ƙera mafi yawan na Amurka, ko a Jamus da Ostireliya inda su ma jama'a ke yawan fita hutu da su, zai riƙa jin wani ƙorafi akai-akai: fitilun silin suna ƙiftawa.

Abin da ya haɗa wayarin biyun wata na'ura ce da ake kira kanbata. Aikinta ta karɓi wutar AC ta mayar da ita DC, ta ciyar da fitilu da sauran kaya, ta kuma yi wa batir caji. Kishiyar inbata ce, wadda ke ɗaukar wutar batir ta mayar da ita ta gida. Yawanci kanbata tana ɓoye a bayan akwatin fis ko a ƙarƙashinsa. Ban da ita, batir na iya samun caji daga altanetar injin lokacin tafiya, ko daga farantin sola da ke kan rufi. Saboda haka adadin nan na bolt 12 suna ne kawai. Batirin dalma da ya cika kuma ya huta yana nuna 12.6 zuwa 12.7, idan ya yi rabi yakan nuna wajen 12.1 ko 12.2. Kanbatocin da suka fi yawa a motocin Amurka, irin na WFCO da Progressive Dynamics, suna aiki a matakai uku: 14.4 lokacin da suke ɗura caji da ƙarfi, 13.6 a aikin yau da kullum, 13.2 idan batir ya cika aka daɗe ba a ja wuta sosai ba. Fitilar silin tana rayuwa ne a tsakanin waɗannan hawa da sauka, dare da rana.

Tsofaffin motoci da ƙwai masu zare suke zuwa, irin masu lamba 921 da 1141, kowanne yana jan wajen amfiya 1.4. Zaren da ke cikinsu sai ya yi zafi yake ba da haske, kuma kamar garwashi yake: ko an daina hura shi ba ya dusashewa nan take. Idan wuta ta ɗauke na wani ɗan ƙanƙanin lokaci ta dawo, zaren bai kai ga hucewa ba, ido kuma bai ga komai ba. LED ba ta da wannan jinkirin. Haskenta yana bin wutar da ke ratsa ta a take, ya ƙaru da ƙaruwarta, ya ragu da raguwarta, ya ɓace da ɓacewarta. Shi ya sa mai mota zai ce shekara da shekaru bai taɓa ganin matsala ba sai da ya sauya ƙwansa zuwa LED. Sau da yawa matsalar tana nan tun da can, a wani sakakken mahaɗi ko a tsohuwar kanbata, tsohon ƙwan ne yake rufa mata asiri. Mai koyo da ya fahimci wannan ya samu rabin ilimin aikin, domin zai daina kallon fitilar a matsayin mai laifi tun kafin bincike, ya fara ɗaukarta a matsayin mai kawo rahoto.

Akwai kuma bambanci tsakanin fitilun LED ɗin kansu, kuma yana da kyau a tsaya a kansa. Kowace ƙwayar LED mai farin haske tana buƙatar wajen bolt 3. A fitilu masu araha, ana jera ƙwaya uku a layi ɗaya su cinye kusan bolt 9, sai a sa razista ta riƙe ragowar. Yawan wutar da ke ratsa ƙwayoyin ya dogara ne a kan wannan ragowar. A bolt 12.4 ragowar 3.4 ce, idan ƙarfin ya sauka zuwa 11.4 ta zama 2.4. Ƙarfin wuta ya ragu da ƙasa da kashi goma cikin ɗari, amma abin da ke ratsa ƙwayoyin ya ragu da kusan kashi talatin, kuma wannan ido yana ganinsa sarai. Ta ɗaya ɓangaren, idan kanbata ta haura zuwa 14.4 ragowar ta kai 5.4, ƙwayoyin suna shan wuta fiye da kima, suna zafi, suna tsufa da wuri. Fitilu masu inganci suna da ɗan allon daidaita wuta a ciki, kuma ana gane su da rubutun da ke jikinsu, wanda yakan nuna suna aiki daga bolt 10 zuwa 30. Waɗannan ba sa nuna ƙananan hawa da sauka, amma idan ƙarfin ya faɗi ƙasa da iyakarsu sukan ɗauke gaba ɗaya su dawo, su sake ɗaukewa, abin da ya fi dishi-dishin masu razista tayar da hankali.

Aikin yana farawa da tambaya da kallo, kafin a buɗe akwatin kayan aiki. Matasa da yawa suna ganin tambayar mai mota kamar nuna rashin sani ne, alhali ƙwararru da ita suke gajarta wa kansu wahala. Ana so a san ko fitila ɗaya ce ke ƙiftawa, ko rukunin da ke kan makunni ɗaya, ko duk motar. Ana so a san ko abin yana faruwa ne idan an jona da wutar sansani, ko a kan batir kaɗai, ko a duka biyun. Ko da rana ne kawai. Ko yana zuwa ne daidai lokacin da aka buɗe famfo ko fanka ta tashi. Ko ya fara ne bayan doguwar tafiya a hanya mai gargada, ko bayan ruwan sama, ko bayan wani ya sauya batir ko ƙwai. Yanayin ƙiftawar ma shaida ne. Wadda ke zuwa a jere daidai wa daida tana nuna na'ura ce ke haddasa ta. Wadda ke zuwa barkatai, musamman idan mutum ya taka ƙasan motar ko ya buga ƙofa, tana nuna wani abu ne ya saki.

Kafin hannu ya taɓa waya, akwai abin da ba a sassauci a kansa. Bolt 12 ba ta jan mutum, kuma wannan ne ke sa masu koyo sakaci da ita. Amma batir na iya fitar da ɗaruruwan amfiya a lokaci guda idan sifana ta haɗa kawunansa biyu, ko zoben yatsa ya haɗa fozitif da ƙarfen mota. Ƙarfen yakan yi ja, ya ƙona fata. A cire zobe da agogon ƙarfe. Idan za a kwance batir, negetif ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Batirin dalma mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, don haka ba a kusantarsa da sigari ko tartsatsi. Idan akwai sola, ana raba farantin da kwantirolar da ke daidaita cajinsa kafin a cire batir, domin wasu kwantiroloji suna lalacewa idan rana na tura musu wuta ba batir a ɗaya gefen. Akwatin kanbata kuwa wutar gida ce a cikinsa, mai kisa: ba a buɗe shi sai an zare filogin sansani, an kashe janareta, an kashe inbata, an kuma tabbatar da mita cewa ba wuta.

Idan fitila ɗaya ce ke ƙiftawa, binciken gajere ne. A cire murfinta, a kunna, a ɗan motsa ta da wayoyinta da yatsa. Idan ƙwai ne na sauyi da aka soka a tsohon mazauni, sau da yawa haƙoran mazaunin ne suka saki ko suka yi tsatsa, sai a kashe wuta a goge su a matse. Hanya mafi sauri ta raba gardama ita ce musanya: a ɗauke fitilar da ake zargi a kai ta gurbin wata mai lafiya, a kawo mai lafiyar nan. Idan ƙiftawar ta bi fitilar, laifinta ne. Idan ta tsaya a gurbin, na waya ne. Fitilar da ke yin lafiya da farko sai bayan mintoci ta fara ƙiftawa, zafi ne ya taɓa ta: liƙin dalmar da ke allonta ya tsage, yana buɗewa idan ya ɗumama, ya rufe idan ya huce. Irin wannan sauya ta ake yi, kuma ya fi kyau a sayi mai allon daidaita wuta ko da ta fi tsada.

Wani abu da mai gyara zai lura da shi duk lokacin da ya sauke fitilar silin shi ne alamar ruwa. Rufin waɗannan motoci yana da huda da yawa, na tagar iska, na na'urar sanyaya ɗaki, na eriya, na wayar sola, kowacce an liƙe gefenta da danƙo mai tsagewa idan ya sha rana. Ruwan da ya shiga yakan bi cikin silin ya taru a inda ya sami rami, kuma ramin fitila na daga cikin wuraren. Kore-kore a kan tagulla, tsatsa a kan sukuru, ko katakon da ya yi laushi a gefen ramin, duk suna nufin gyaran ya wuce na wuta. Wanda ya sauya fitila ya yi shiru a kan yoyon ya cuci mai motar, domin ruɓewar rufi ta fi fitila tsada nesa ba kusa ba.

Idan rukuni ne ke ƙiftawa, ana neman abin da suka yi tarayya a kansa. Masu ƙera motocin sukan ja waya ɗaya daga fitila zuwa fitila, don haka sakakken mahaɗi guda yana shafar duk waɗanda ke bayansa, ya bar na gabansa lafiya. Laifin yana a fitilar ƙarshe mai lafiya ko a ta farko mai ƙiftawa, kuma wannan kaɗai yana rage wa mutum sauke silin gaba ɗaya. Idan duk rukunin ne ba togiya, a duba makunni da fis. Makunnan bango na waɗannan motoci masu sauƙin kuɗi ne, wayoyin da ake soka musu ta baya kuma suna sassautawa da jijjigar hanya. Idan aka haɗa wayoyin biyu kai tsaye na ɗan lokaci ƙiftawar ta tsaya, an gano. Fis kuma ba sai ya ƙone yake kawo matsala ba. Mazauninsa na iya buɗewa har ya riƙa rawa a ciki, kuma robar da ta yi baƙi ko ta narke a gefe alama ce ta zafin da rawar ta haifar.

Makunnin rage haske yana da nasa babi. Yawancin na DC ba rage ƙarfin wuta suke yi ba, yanka ta suke yi gunduwa-gunduwa, su kunna su kashe sau ɗaruruwa a daƙiƙa, dabarar da ake kira PWM. Idan saurin yankan ya yi ƙasa, ido yana kama shi, musamman ta gefen ido ko lokacin da hannu ke motsi a ƙarƙashin fitilar. Ga kuma saɓanin da ke tsakanin irin wannan makunni da fitila mai allon daidaita wuta: makunnin yana yanke wuta don haske ya ragu, allon yana ƙoƙarin mayar da shi yadda yake, sakamakon ya zama ɓari. Alamarsa a bayyane take, fitilun suna lafiya idan an ƙure haske, suna ƙiftawa idan an rage. Maganin shi ne a haɗa makunni da fitilun da aka yi su don juna. Wasu makunnan, musamman masu ɗan haske a jikinsu, suna barin wuta kaɗan ta zurara ko an kashe su, abin da bai isa ya motsa tsohon ƙwai ba amma ya isa ya sa LED ta riƙa walƙawa jifa-jifa cikin duhu.

Babban aiki yana zuwa ne idan duk fitilun motar suna ƙiftawa tare. A nan laifin yana can kusa da tushe, a batir, ko kanbata, ko sola, ko manyan wayoyin da ke haɗa su da akwatin fis. Ana raba su ne ta hanyar cire ɗaya bayan ɗaya. A zare filogin sansani, a raba sola, a bar motar a kan batir kaɗai. Batir mai lafiya wutarsa shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da tsalle. Idan ƙiftawar ta tsaya, zargi ya koma kan na'urorin caji. Idan ta ci gaba, batir ne ko hanyarsa.

Ana auna batir sau biyu: yana hutawa, da kuma yana ɗauke da kaya. Awon farko yana da ma'ana ne kawai idan an raba shi da caji na wasu awoyi, domin batirin da aka cire daga caji yanzu yakan nuna adadi mai kyau na yaudara. Awo na biyu shi ke fallasa shi. A kunna fitilu da fanka, a buɗe famfo, a zuba wa mita ido. Batirin da ya nuna 12.5 yana zaune, ya faɗo ƙasa da 11.5 da zarar an ɗora masa amfiya goma, ya tsufa ko wani ɗakinsa ya mutu. Batiran litiyam da ke ƙara yawa a sabbin motoci halinsu daban: ƙarfinsu yana zama wajen 13.2 zuwa 13.3 a mafi yawan zangon cajinsu, kuma suna da allon tsaro a ciki da ke yanke wuta farat ɗaya idan kaya sun yi yawa ko caji ya ƙare. Fitilun da ke ɗaukewa ɗif su dawo bayan 'yan daƙiƙu suna iya nuna wannan allon, ko kuma ƙaramin birka mai mayar da kansa da ake sawa kusa da batir a tireloli, wato masu gidan da wata mota ke ja, wanda ke buɗewa idan ya yi zafi ya rufe idan ya huce. Yakan yi ƙarar ƙas da kunne ke iya ji.

Hanyar dawowar wuta, wato negetif, ita ce wadda masu koyo suka fi mantawa. Wutar da ta fita daga batir dole ta koma masa, kuma a motoci da yawa wani ɓangare na komawar ta jikin shasi yake bi. Akwai wayar da ta taso daga negetif na batir aka ɗaure ta da noti a shasi, akwai wata daga akwatin fis ko kanbata da aka ɗaure a wani wurin. Waɗannan notuna a waje suke, suna shan ruwa da laka, a ƙasashen sanyi kuma har da gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara. Tsatsa tana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, notin yana nan daram a ido, amma hanyar ta ƙuntata. A nan kuma akwai tarko ga wanda ya taso daga gyaran ƙananan motoci, inda ja ne fozitif baƙi ne negetif. A tirelolin Amurka da yawa farar waya ce negetif, baƙa kuma fozitif, bisa al'adar wayarin gidajensu. Launi ba hujja ba ne sai mita ta tabbatar. Juya kawunan batir ko na ɗan lokaci yana ƙona manyan fis ɗin da ke kare kanbata, daga nan batir ya daina samun caji ba tare da kowa ya sani ba, har sai fitilu sun fara dishi-dishi.

Gwajin da ya fi kowanne amfani a wannan sana'a shi ne na asarar ƙarfin wuta a kan mahaɗi, kuma matashin da ya iya shi ya wuce sa'o'insa. Mutane da yawa suna kashe komai, su auna waya su ga 12.6, su ce lafiya lau. Mita ba ta jan wutar kirki, don haka ko silin tagulla ɗaya ne ya rage a mahaɗin za ta nuna cikakken adadi. Sai wuta na gudana aibin ke fitowa. Ana kunna kaya masu ja sosai, a sa mita a ma'aunin DC, a ɗora tsinke ɗaya a wannan gefen mahaɗin, ɗayan a wancan gefen: daga sandar batir zuwa ƙarfen da ya kama ta, daga negetif na batir zuwa shasi, daga shigar makunnin raba batir zuwa fitarsa, daga fozitif na batir zuwa akwatin fis. Mahaɗi mai kyau kusan sifili yake nunawa. Wanda ya cinye bolt 0.2 ko fiye shi kaɗai abin zargi ne. Lissafin yana nuna dalilin da ya sa ba a raina wannan. Mahaɗin da tsatsa ta ba shi turjiyar om 0.1 kacal, idan amfiya 20 ta ratsa shi, yana cinye bolt 2, yana kuma mayar da wat 40 zuwa zafi a wuri ɗaya da bai kai girman ɗan yatsa ba. A cikin motar da aka gina da katako da soso da roba, ga kuma bututun gas, mutane na barci a ciki, wannan hanyar gobara ce. Fis ba zai ƙone ba, domin wutar ba ta wuce adadinsa ba.

Mitar ma tana da iyaka. Mai lambobi tana sabunta abin da take nunawa sau biyu ko uku a daƙiƙa, ƙiftawa kuwa ta fi haka sauri. Mita mai ajiye adadi mafi ƙasa da mafi sama tana taimakawa, haka ma tsohuwar mai allura, wadda rawarta ke nuna abin da lambobi suka haɗiye. Kyamarar wayar hannu a yanayin ɗaukar hoto a hankali tana bayyana ƙiftawar da ido ke ji amma ba ya iya tabbatarwa.

Idan zargi ya faɗa kan kanbata, ana auna fitarta tana jone da wutar sansani. Adadin da ke ƙasa da 13, ko sama da 14.8, ko mai yawo ba tare da an ƙara kaya ba, alamar lalacewa ne. Kafasitocin da ke tace wutarta suna bushewa da shekaru da zafi, sai ragowar kaɗawar AC ta riƙa bin DC zuwa fitilu. Tsofaffin kanbatoci masu tiransifoma ma wasunsu ba sa tace layin fitilu ko kaɗan, suna fitar da wuta mai bugu 120 a daƙiƙa a Amurka, 100 a Turai, domin an yi su ne a zamanin ƙwai masu zare. Ana iya neman wannan kaɗawar da ma'aunin AC na mita, sai dai mitoci masu araha suna ba da adadin ƙarya idan akwai DC a layin, don haka a fara gwada mitar a kan batir shi kaɗai: idan ta nuna wani babban adadi a can, ba abin dogaro ba ce. Batir mai lafiya yana shanye yawancin wannan kaɗawar, shi ya sa ƙiftawar kanbata takan bayyana ne bayan batir ya mutu ko an raba shi da layi. A kuma duba wutar da ke shigowa, domin sansanin da ya cika da motoci a lokacin zafi, kowa ya kunna na'urar sanyi, ƙarfin wutarsa yakan sauka sosai, filogin da ya ƙone a baki ma yana kawo irin haka. Ƙiftawar da ke zuwa da tsakar rana kaɗai ta ɓace da dare kuwa, kwantirolar sola ce ta farko a zargi. Masu dabarar PWM suna jona farantin da batir su yanke da sauri idan caji ya kusa cika, kuma idan wayar da ke tsakaninsu da batir siririya ce ko doguwa, ko an ɗauki layin fitilu daga kusa da su, bugun yana isa silin.

Akwai ƙiftawar da ba lalacewa ba ce. Famfon ruwa yana jan wuta da yawa a daidai lokacin tashi, kuma idan an buɗe ruwa kaɗan yakan riƙa tashi yana tsayawa, fitilu masu razista suna binsa. Ɗan nutsewar haske na daƙiƙa guda lokacin da famfo ko injin da ke tura wani ɓangaren ɗakin motar waje don ya faɗaɗa ya tashi abu ne da aka saba. Abin lura shi ne idan ya ƙaru a kan yadda yake a da. Idan gwaji ya nuna batir da mahaɗai lafiya, ana rage shi ta hanyar ja wa famfon tasa waya mai kauri daga akwatin fis, da negetif ɗinta, ko a sa masa ɗan tulun ajiyar matsi da ke rage yawan tashinsa, ko a sauya fitilun zuwa masu daidaita wuta. Gaya wa mai mota gaskiyar cewa kanbatarsa lafiya take ya fi sayar masa da sabuwa.

Gyaran mahaɗi yana da ƙa'ida. Mota tana jijjiga duk tsawon rayuwarta, don haka waya mai silla-silla ake amfani da ita, mai sanda ɗaya karyewa take yi. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba gyara ba ne, haka ma hulunan roba masu murɗawa da ake samu a silin motoci da yawa suna kwancewa da tafiya. Ana yanke bakin da ya yi baƙi har a kai ga tagulla mai sheƙi, a sa mahaɗin matsewa daidai kaurin wayar, a matse shi da filayar da aka yi don haka, a ja shi da hannu a tabbatar, sannan a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Wurin ɗaurin shasi ana kankare shi har farin ƙarfe ya fito, a ɗaure tamau, sannan a shafa man kariya a kai. Fis kuwa ana mayar da shi da mai adadinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Waya yake karewa, kuma an zaɓe shi ne bisa kaurinta. Ƙara masa girma, ko ɗaure shi da silin waya ko takardar sigari, mayar da wayar da ke cikin silin ne ta zama ita ce fis.

Irin wannan mota ba ta yawaita a ƙasar Hausa ba, amma tsarin wutarta yana ko'ina: ɗan farantin sola da batir da fitilun DC a shaguna da gidajen karkara, motocin ɗaukar marasa lafiya, manyan motocin safa masu fitilun silin. Matakan binciken ɗaya ne, sai dai zafi da ƙura suna gaggauta abin da ruwa da gishiri ke yi a can, musamman bushewar kafasita da ruwan batir.

Bayan an gama, ana maimaita yanayin da ya kawo ƙorafin: a kan batir, a kan wutar sansani, da rana idan akwai sola, da famfo a buɗe, da makunnin rage haske a ƙasa. Ana barin fitilun a kunne su ɗumama, a taɓa mahaɗan da aka gyara a ji ko akwai mai zafi. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda a sake gwadawa, in ba haka ba ko ƙiftawar ta tsaya ba a san abin da ya tsayar da ita ba. Idan mai motar ya ce har yanzu hasken yana sa masa ciwon kai ko gajiyar ido alhali mai gyara bai ga komai ba, a ɗauki maganarsa da muhimmanci, domin mutane sun bambanta wajen jin ƙiftawa, kuma walƙiya mai saurin 15 zuwa 25 a daƙiƙa tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu. Adadin da aka auna a batir, da fitar kanbata, da kowane babban mahaɗi, ana rubuta su da kwanan wata a manna a cikin murfin akwatin fis, domin duk wanda ya buɗe shi nan gaba ya sami abin da zai kwatanta awonsa da shi.